Alkamar Gonar Netofa

"Umma, alkamar da ke cikin tulun Kaka, barci take yi ko ta mutu?"

Hogla ce ta yi tambayar, da ƙarfi kuwa, irin na 'yar shekara biyar da ba ta san akwai maganar da ake rufewa ba. Abital ta kai hannu ta matse kafaɗar 'yarta, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Tsoho Rafaya, uban mijin Abital, yana zaune a tabarma da tulun a tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗaga kai ya dubi jikarsa da idanun nan nasa da yanar ido ta fara ci.

"Ke fakara, wa ya ara miki wannan bakin?" in ji shi. "Ba barci take yi ba, ba ta kuma mutu ba. Jira take yi, kamar ni da ke."

"To ai ni ina cin gurasa ina jiran. Ita me take ci?"

Shekaniya, uban yarinyar, ya sunkuyar da kai yana tari don kada dariya ta ƙwace masa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce a matso a sa hannu, rana tana yi.

Shekara ta takwas ke nan tun da mayaƙan Babila suka koro su daga duwatsun Yahuda zuwa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta bakin kogin Kebar, inda ko tudun da akuya za ta hau babu. Ran da aka fito da su Abital tana amarya, kuma ta ga abin da kowa ya ɗauka. Wani fitila, wani mabuɗin ƙofa, wata dutsen niƙa har ya kusa karya mata baya a hanya. Rafaya tulu ya ɗauka, cike da irin alkamar da ya ware daga girbin ƙarshe na gonarsu ta Netofa. Wata huɗu yana tafe da shi a kafaɗa, yunwa tana kayar da mutane dama da hagu, bai bari an tauna ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce da wannan irin za a yi shukar farko ran da aka koma.

Kowace shekara, a watan da ruwan fari ke sauka a gida, sai ya buɗe tulun. Kowa ya tsoma hannu cikin alkamar, a faɗi iyakar gonar baki ɗaya: daga ɓauren da tsawa ta tsaga zuwa rijiyar makiyaya, daga rijiya zuwa dutsen iyaka mai baƙin goshi, daga dutsen a gangara kwari a komo ɓaure. Sai tsohon ya rufe da cewa Ubangiji ya rantse wa kakanni ƙasar tasu ce da zuriyarsu har abada, wannan yanki kuwa shi ne rabon gidan Rafaya. Bana ne karon farko da aka sa hannun Hogla. Ƙaninta ya rasu yana goye, da zazzaɓin bakin kogi, kuma tun daga nan Abital ba ta sake samun ciki ba. Gonar nan da yarinyar ba ta taɓa gani ba, da tulun nan, nata ne. Ba ta da wani gado a duniya.

Da aka rufe tulun, Abital ta ja yarinyar bayan tanderu za ta yi mata faɗa, sai ta ga ta dunƙule hannu.

"Buɗe."

Ƙwaya goma sha ɗaya, sun manne da gumin tafin hannunta.

"Ba sata na yi ba, Umma. Su suka biyo ni."

Kamata ya yi Abital ta mayar da su nan take. Amma tun da ta tsoma hannu ɗazu wani wari ya tsaya mata a hanci, irin na tsohuwar tabarma. Uwarta ce mai ajiyar iri a gidansu, kuma kowace shekara kafin shuka takan ɗebi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ga nawa za su fito. Takan ce alkama tana jure shekara uku a tulu, huɗu in wurin da sanyi. Nan kuwa zafi ake yi da ke narkar da kwalta a jikin jirgin ruwa.

Abital ta yage gefen tsohon mayafi, ta jiƙa, ta naɗe ƙwayoyin, ta cusa ƙarƙashin randa. A kwana na biyar ta buɗe. Huɗu sun fito da farin tsiro kamar haƙorin jariri. Bakwai sun kumbura sun yi tsami.

Da la'asar Shekaniya ya dawo daga yashe kogin sarki, laka har cinya. Ta bari ya wanke ƙafa, ya sha ruwa, sannan ta kira shi gefe.

"Baban Hogla, zo ka gani."

Ya duba tsumman, ya dube ta. "Daga ina?"

"Ka sani."

"Abital, kashe tsohon nan kike so ki yi?"

"Alkamarsa nake so in raya. Huɗu cikin sha ɗaya. Baɗi biyu ne, in an yi sa'a. Bayan baɗi tsakuwa muke gadi a tulu. A shuka ta nan, a girbe, a zuba sabuwa a tulun, a riƙa yi duk shekara har ranar da za a tafi. Wannan wace irin wahala ce?"

"Semakiya mai wahayi ya ce kafin dabino ya nuna sau biyu muna gida."

"Ina da cikin Hogla ma haka ya ce."

"To Ubangiji ƙarya ya yi ke nan?"

"Allah ya tsare bakina. Ya rantse zai mayar da mu, na yarda, da wannan nake kwana nake tashi. Amma bai ce wa alkama ta daina tsufa ba."

Shekaniya ya goge fuska da tafin hannu. Mutum ne mai sanyi, da ya ja da ubansa gara ya kwana cikin laka.

"Kin san abin da Baba zai ce. Ƙasar nan marar tsarki ce, ƙasar gumaka. Abin da ya sha ruwan Kebar ya zama na Babila, ba mai kai shi Haikalin Urushalima a hadayar nunan fari."

"'Yarka ruwan me take sha?"

Ya daɗe yana kallon tsirrai huɗun, har ya kai ɗan yatsa zai taɓa, sai ya janye.

"Ki zubar da su. Ban gani ba, ba ki faɗa ba."

Ba ta zubar ba. Washegari tana tona bayan tanderu da guntun kasko, sai ga kan Busasa ya leƙo ta saman katanga. Busasa maƙwabciyarsu ce, Bakaldiya 'yar ƙasar, bazawara mai lambun albasa, bakinta ba ƙofa.

"'Yar duwatsu, kabari kike haƙa wa ɓera?"

"Shuka nake yi."

"A nan? Ɗanɗana ƙasar ki ji." Abital ta ɗanɗana. Gishiri ne fal. "Ai shi ya sa muke cin sha'ir, ba don muna ƙin alkama ba. Alkama gimbiya ce, ba ta son gishiri. Tsaya."

Ta dawo da kwando cike da baƙar ƙasa daga lambunta, ta miƙo ta kan katanga. "Wato yau kun yarda ƙasarmu tana tsiro? Na ɗauka ku sai jiran dabino biyu. Ni dai tun da kuka zo dabinon nan naku bai gama nuna ba."

Abital ta karɓi kwandon, ta juye a ramin, ta dasa tsirran.

Huɗun duka suka kama. Ta kewaye su da fasassun tubala, ta jingina tsohuwar tabarma ta rufe su daga idon mai wucewa. Hogla ce mai ban ruwa, da ɓawon ƙwarya, safe da yamma. Uwar ta riƙe kunnenta ta ce wannan magana tsakaninsu ce su biyu, ko akuya kada ta ji. Cikin mako uku ganyen ya kai tsawon tafin hannu, kore shar, siriri, yana da ɗan gashi a gindi irin na alkamar gida. Abital takan yi lissafi tana murza gari: tsiro huɗu, in kowane ya yi zangarniya uku, ƙwaya ɗari uku ko fiye. Baɗi ɗan fili. Bayan baɗi tulu guda, sabo fil.

Ran Asabar aka taru a inuwar dabino a bakin ruwa, kamar kullum. Semakiya mai tufka igiya ne, siriri, mai rawar murya, amma in wahayi ya sauko masa ko jariri yakan yi shiru. Ranar ya miƙe idonsa a rufe ya ce an ɗauke shi an tsayar da shi a kan duwatsun Yahuda da hantsi. Ya ga ciyawa ta rufe gonaki. Sai ya ji murya ta ce wa duwatsun iyaka su tashi, suka tashi tsaye ɗaya bayan ɗaya kamar mutane, kowane dutse yana kiran sunan mai gonarsa. Ya ji an kira gidan wane, an kira gidan wane. Ya ga rijiyoyin da aka cike suna tofar da yashi. Ya ga mata suna hawa da kwanduna a ka, babu mai kora, babu mai ƙirga su. Muryar ta ce alkawarin da ta yi wa kakanni ba ta yi shi da bakin mutum ba, da za a ce ya tsufa.

"Netofa fa?" in ji Rafaya, muryarsa tana karyewa. "Ka ji na Netofa?"

"Na ji dutse mai baƙin goshi yana kiran Rafaya."

Tsohon ya fashe da kuka. Abital ma ta yi kuka, na gaske, don ta ga ɓauren nan a idonta, ta ga 'yarta tana gudu a ƙarƙashinsa. Wani ya tambayi yaushe. Semakiya ya ce kafin dabino ya nuna sau biyu.

A hanyar gida Hogla ce ke jan kakanta da sanda. Murna ta cika mata ciki, ta rasa inda za ta sa ta.

"Kaka, kada ka yi kuka. Alkamarka ma ta ji, ta farka! Huɗu! Ni nake ba su ruwa."

Abital tana taku uku a baya. Ta tsaya cak.

Suka shiga gida. Tsohon ya ce a kai shi wurin shukar. Hogla ta janye tabarmar tana tsalle. Ya durƙusa da ƙyar, ya lalubi ganyen, ya ja shi a hankali tsakanin yatsa biyu daga gindi zuwa sama. Ya sunkuya ya shinshina.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Jar alkamar kwari. Ubana ya karɓe ta daga ubansa."

"Baba," in ji Abital, ta durƙusa gefensa. "Na yi laifi, ban nemi izini ba. Amma ka ji ni. Sha ɗaya na jiƙa, huɗu suka fito. Irin yana mutuwa a tulu."

"Yau Asabar ce," ya ce. "Ba a tuge shuka ran Asabar."

Nan ta gane abin da yake nufi, ta kuma gane tana da daga azahar zuwa faɗuwar rana, lokacin da Asabar ke ƙarewa.

Ya zauna a ƙasa kusa da tsirran bai tashi ba. Ta kawo masa ruwa, ya sha. Ta kawo gurasar jiya da dabino, bai taɓa ba. Ta yi magana har bakinta ya bushe. Ta ce kakanni ma sun yi baƙunci a Masar sun hayayyafa a can, ba wanda ya ce 'ya'yansu Masarawa ne. Ta ce in ba za a kai wannan alkamar Haikali ba, a kai jikarta, wadda za ta tsiro a Netofa. Ta ce a bar huɗun nan kawai, ba za ta ƙara taɓa tulun ba har ta mutu. Ta dubi Shekaniya ya sa baki, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙafarsa.

Tsohon yana ji, hannunsa yana kan ganyen, yana shafa shi kamar kan jariri. Sau ɗaya ta ga leɓensa ya motsa kamar zai ce to. Har ta fara sa rai.

"'Yata," ya ce da rana ta yi ja, "ba ki da mugun nufi, na sani. Amma wanda ya shuka ya ce zai zauna ya jira girbi. Wanda ya girbe zai gina rumbu. Mai rumbu ba ya tashi in an yi kira. Na ga gidan Hodawiya, da albasa suka fara, yau ɗansu sunan gunki yake amsawa. In na ba ƙasar nan alkamata, na ce wa Ubangiji ban yarda da ranarsa ba. Ɗazu da kunnenki kika ji dutsena yana kirana."

"Na ji, Baba. In ka isa da tulun matacce fa, me za ka ba dutsen?"

"Wanda ya raya mu a hanya wata huɗu zai raya ƙwayar alkama."

Rana ta faɗi. Ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya karkaɗe baƙar ƙasar Busasa daga saiwoyin sarai, kamar yana wanke gawa, ya ce a hura tanderu. Hogla ta yi ta ihu tana dukan bayansa da ɗan hannunta, tana cewa nata ne, ita ta ba su ruwa. Hawaye yana bin gemunsa, bai hana ta ba. Washegari ya aiki Shekaniya wurin masu jirgi ya samo kwalta, aka narka, aka liƙe bakin tulun. Daga ranar aka daina tsoma hannu. In watan ya zo, sai a dafa tulun ta waje a faɗi iyaka.

Abital ta yi tunanin fasa shi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Takan tsaya da tsintsiya a kusurwar da yake, ta dubi kwaltar, ta tuna akwai wuƙa a madafa. Sai ta tuna hawayen tsohon, ta tuna mijinta, ta ce bari dai a ga dabinon bana, wataƙila Semakiya ya yi daidai, wa ya sani. Dabino ya nuna sau biyu. Ya ƙara sau biyu.

A shekara ta goma sha biyu, cikin sanyi, wani mutum ya iso ƙauyen da ƙafafu a naɗe da tsumma. Daga Urushalima yake. Ya ce an fasa garu, an ƙone Haikali, an kwashe sauran mutane suna tafe a baya. Aka tambaye shi ƙauyuka, ya ce ya bi ta Netofa bai ji kukan zakara ba.

Semakiya ya shiga ɗakinsa bai fito ba wata biyar. Yara suna jifan ƙofarsa da ƙwallon dabino. Da ya fito ya rame kamar igiyar da yake tufkawa, kuma bai jira Asabar ba, a bakin rijiya ya tsaya. Ya ce an sake kai shi kan duwatsun. Duwatsun iyaka suna nan tsaye, suna kira, alkawari bai motsa ba. Amma wannan karon an ce masa ya dubi fuskokin masu hawa da kwanduna, ya duba, bai san ko ɗaya ba. Sunan gida ake kira, jikoki ke amsawa.

"Ni na ƙara dabino biyun," ya ce. "Ba a faɗa mini ba. Na ga kuna mutuwa ne, na ƙara."

Ba wanda ya jefe shi. Mutane suka ɗauki tulunansu suka watse.

Rafaya ya makance sarai a lokacin. Bai yi maganar ba duk bazara. Da watan shuka ya kama, wata safiya Abital tana tankaɗe, ya kira ta.

"'Yata, kawo wuƙa."

Da hannunsa ya ɓamɓare kwaltar. Warin da ya fito ya sa Abital ta kau da kai.

"Ki shuka," ya ce. "Duka. Fakara ce za ta kai ta gida, ko 'yarta."

Ta so ta ce bari ta jiƙa goma a tsumma tukuna. Ba ta faɗa ba, don ta san abin da tsumman zai ce, kuma ba ta da ƙarfin ji. Busasa ta ba su gefen lambunta mafi daɗin ƙasa, ba ta yi ko ba'a ɗaya ba, abin da ya fi ba'ar ciwo. Shekaniya ya malala wa filin ruwa sau uku don ya wanke gishiri, ya yi kaftu, ya farfasa hoge da hannu har ƙasar ta yi laushi kamar gari. Hogla, wadda ta kai goma yanzu, ita ta yafa irin, uwarta tana bin ta tana rufewa. Suka kafa tsumma a kan sanda saboda tsuntsaye. Tsuntsayen ma ba su sauka ba.

Kwana bakwai, ba komai. Sha'ir ɗin Busasa da aka shuka rana ɗaya da su ya huda ƙasa, ya yi kore kamar an shimfiɗa mayafi. Kwana goma. Kwana goma sha biyar. Kowace safiya tsohon yakan juyo da fuskarsa wajen takun Abital.

"Ta fito?"

"Tukuna, Baba. Ƙasar da sanyi."

A kwana na ashirin Busasa ta tare ta a bakin lambu. "Ki kawo shi nan gefena, ki ɗora hannunsa a kan sha'ir. Makaho ne, ganye ganye ne. Ya mutu da daɗin rai mana."

Abital ta dubi koren filin ta daɗe. Ta girgiza kai. "An yi masa dabino biyu shekara goma sha biyu. Ba zan ƙara masa na uku ba. Kuma yatsunsa sun fi idonki gani."

Da hantsi ita da Hogla suka kamo shi, ɗaya a kowane gefe, suka kai shi tsakiyar filin. Ya durƙusa. Ya shafa ƙasar dama da hagu, tafin hannunsa bai gamu da komai ba. Ya tona da yatsa ya ciro ƙwaya, ya matse, ta fashe ta zama baƙin ruwa. Ya rarrafa gaba ya tona wata. Ya yi haka har ya kai ƙarshen kunya, gwiwoyinsa duk laka, ba wanda ya hana shi.

Sai ya zauna.

"Nawa kika ce sun fito a tsumman nan?"

"Huɗu, Baba."

"Huɗu." Ya juya hannayensa kamar yana neman abin da ya bari a cikinsu. "Da yanzu tulu nawa ke nan?"

Ta san amsar, ta yi lissafin sau dubu. Ba ta faɗa ba.

Hogla ta tsuguna gabansa tana goge masa laka da gefen rigarta. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi tambaya ba, ta daina irin tambayoyin nan tun ranar tanderu. Shi ne ya lalubo kanta.

"Fakara, ta mutu. Tambayarki ke nan, na amsa. Faɗi iyaka in ji."

Ta fara. Daga ɓauren da tsawa ta tsaga zuwa rijiyar makiyaya. Daga rijiya zuwa... Ta tsaya. Ta dubi uwarta. Abital ta buɗe baki za ta tuna mata, sai ta kau da kai, kuma a filin ba abin da ke motsi sai tsumman da suka kafa wa tsuntsaye.

Rafaya bai ga girbin sha'ir ba. Aka binne shi a ƙasar da ya hana alkamarsa. Tulun yana nan, Abital ta wanke shi tana zuba gishiri a ciki. Tana koya wa Hogla iyakar gonar kowace safiya suna niƙa, don shi ne abin da ya rage, kuma ta yarda har yanzu za a kira sunan gidan a kan duwatsun. Wanda zai amsa dai zai hau hannu wofi, ya ari irin maƙwabci, jar alkamar kwari kuwa ba mai sake ganinta a duniya.

Ke mai karanta wannan, in akwai abin da aka ba ki ajiya domin ɗanki, iri ne, harshe ne, addu'a ce, je ki buɗe shi yau ki jiƙa goma a tsumma. Kada ki ce sai an koma gida, kada ki jira manya su gama kuka su ba ki izini. Abital ta san gaskiya tun tana da huɗu a hannu, ta tsaya da tsintsiya tana kallon kwalta shekara biyar. Wuƙar tana madafa. Kada ki yi abin da ta yi.